Ranar da Alhaji Sambo Ya Je Ganin Wutarsa

Cikin duk shekarun da na yi a kamfanin nan, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da muka kai Alhaji Sambo ya ga wutarsa. Tunda kun ce sai na ba ku labari ɗaya kafin in miƙa makullin ofis in koma Herwagana in huta, wannan zan ba ku. Waɗanda suka riga suka ji su yi haƙuri, yaran da aka ɗauka bana ba su sani ba.

Bari in fara da ɗan bayani, don na ga 'yan sashen kuɗi a nan, waɗanda ba su taɓa taka filin rijiya ba sai a hoton kalanda. Ɗanyen mai ba ya fitowa shi kaɗai, tare yake tahowa da gas. A fili ake raba su, man ya shiga tanki motoci su kwashe. Gas kuwa, in kana da bututun da za ka tura shi wani wuri, ka more. In ba ka da shi, ba ka da inda za ka ajiye shi, kuma ba ka isa ka sake shi cikin iska haka nan ba, sai ka tura shi saman wani dogon ƙarfe ka cinna masa wuta. Mu a lokacin ba mu da bututu. Wutarmu ci take ba dare ba rana, in ka taso daga Gombe tun kafin ka sauka daga kwalta kake hango ta.

Ana nan sai hukumar da ke sa ido kan aikin mai ta ɗaure mu. Ta ce ga iyakar gas ɗin da za mu ƙona, in mun wuce a ci mu tara, in mun maimaita a taɓa lasisi. To gas da mai ta baki ɗaya suke fitowa, ba yadda za ka ce wa rijiya ta ba ka wannan ta riƙe wancan. Sai dai ka matse mata wuya. Akwai wani bawul a kan rijiyar da injiniyoyi ke kira cok, shi suka murɗa. Wutar da ta fi giginya tsawo ta dawo kamar ta mai shayi, man da ke fita shi ma ya bi ta ya ragu.

Ni a lokacin ina mataimakiyar manaja mai kula da hulɗa da al'umma. Ma'anar muƙamin a aikace ita ce, duk wanda ya zo ofis da fushi ɗakina ake nuna masa. Manajanmu Injiniya Dauda ne, mutumin kirki, ya san rijiya kamar cikin aljihunsa, amma da ya ji hayaniya a bakin ƙofa yake tuna yana da taro ta waya da Abuja.

Shi kuwa Alhaji Sambo tsohon babban ma'aikacin gwamnati ne, ɗan ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen garin nan, gidansa a GRA ba nisa da ofishinmu. Cikin gonar gadonsu rijiyar ta faɗo. Kamfani yana biyan su hayar fili, wannan ba ta canzawa ko rijiya ta yi amai ko ta yi tari. Amma Alhaji bai tsaya nan ba. Ya sayar da filayensa na cikin gari ya sayi tankokin dakon mai, ya karɓi kwangilar jigilar man, ya ɗebo direbobi daga Tudun Wada. Gari kuma ya daina ce masa Alhaji Sambo, ya koma Mai Rijiya. Yana da bidiyon wutar a wayarsa, yana nuna wa baƙi kamar yadda ake nuna sabon jika.

Da damina abin ya faru. Wata safiya ina zaune sai na ji ƙofar Injiniya Dauda ta rufe da sauri, na san muna da baƙi. Alhaji ne ya shigo, bayansa ɗan ƙaninsa Barista Kamal, wanda ya yi karatu a Amurka, yana riƙe masa da jaka.

Bai ko amsa gaisuwata sosai ba ya ce, "Rifkatu, wa ya kashe min wuta?"

Na ce, "Baba, ba a kashe ba, ragewa aka yi."

"Na tsaya a bakin titi na gani. Wannan ko masara ba za ta gasa ba. Barista, gaya mata."

Barista ya yi gyaran murya ya ce a Amurka duk wanda ke da ƙasa shi ke da abin da ke ƙarƙashinta, ba a rage masa mai ba a tambaye shi ba. Na ce haka ne, amma shi ya fi ni sanin cewa a nan mai da gas da duk wani ma'adini na gwamnatin tarayya ne. Barista ya ɗaga kai yana kallon fanka. Daga baya ya gaya min ya sha faɗa wa Baffansa haka, Baffa ne ya fi son labarin Amurka.

Alhaji ya gyara zama ya ce, "To tsaya, 'yata. Ƙasata daga sama a ina ta tsaya? In na shuka rogo, saiwar tawa ce?"

"Taka ce, Baba."

"In na haƙa rijiyar ruwa?"

"Ka sha abinka."

"Kakana da ke kwance a gefen gonar fa?"

"Allah ya ji ƙansa, naku ne."

"Wato gwamnati ta bar min rogo da kakana, ta ɗauki mai."

Na ce, "Kusan haka ne, Baba."

Ya girgiza kai ya ce, "Lallai ta iya zaɓe." Ya miƙe, har ya kai ƙofa ya juyo. "Hanyar da ke shiga rijiyar a sama take ko a ƙasa?"

Na ce a sama take. Ya ce madalla.

Washegari tankokinsa suka kwana a gicciye a kan hanyar. Ba shiga ba fita. Kada ku ɗauka abin wasa ne. Man da ke fitowa, ko da ya ragu, taruwa yake a tankunan fili. In suka cika ba a kwashe ba, dole a rufe rijiyar gaba ɗaya, kuma injiniyoyi za su gaya muku rijiya in an rufe ta ba lallai ta dawo yadda take ba. Ga ma'aikatanmu a ciki, motar abinci da ta ruwa suna waje. Wani daga cikin manyanmu ya kawo shawara a buɗe cok a ɓoye na ɗan lokaci, tsoho ya ga wuta ya huce. Injiniya Dauda ya ce masa hukumar ba ta bukatar turo kowa, daga sama tauraron ɗan'adam ke kallon wutar, kuma tauraro ba a ba shi goro. Sai aka yi abin da aka saba yi in manya sun rasa mafita, aka ce Madam Rifkatu ta je ta gani.

Na je. Direbobin suna kwance ƙarƙashin motocinsu. Ban ga laifinsu ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce min, "Madam, mu ba ruwanmu da doka. Mota in ba ta gudu, ba a ɗora tukunya a gidana." Gaskiya ya faɗa.

Na bar mota na taka zuwa gidan Ba Modu. Ba Modu mutumin Borno ne, rikici ya koro su, shi da wasu iyalai suka kama hayar ragowar gonar Alhaji suna nomawa. Bukkokinsu suna daf da shingen tsaron rijiyar. Ko zama bai bari na yi ba ya ce, "Madam, zo ki gani." Ya kai ni cikin dawarsa, ɓangaren da ke kallon wutar. Ta yi kai. Ya kama wata zangarniya yana shafawa kamar kan jariri. Ya ce tun da suka zo, dawar wannan gefen ganye take yi ta ƙone a tsaye, sai bana. Ya ce yara sun rage tari, kaji sun gane safiya da yamma.

"Mun gudo daga ƙarar bindiga," in ji shi, "muka zo muka tarar da ƙarar da ba ta zuwa sallah ba ta cin abinci. Madam, don Allah kada ku mayar da ita."

Ba sabon kuka ba ne a wurina, na sha kai shi sama. Amma su 'yan haya ne, kuma a aikin nan kukan wanda ba shi da fili iyakarsa ɗakina. Na ce masa ya taɓa gaya wa Alhaji? Ya yi dariya ya ce ai Alhaji bai taɓa wuce bakin titi ba, yaronsa ke zuwa karɓar haya.

Wannan magana na riƙe har Gombe. Alhaji ya riga ya aiko da sharaɗinsa, ba zai janye ko taya ɗaya ba sai ya ga wutarsa ta dawo da idonsa. Ni kuma na san lokacin gwajin rijiya ya yi. Ga waɗanda ba su sani ba, lokaci-lokaci hukuma tana ba da izini a buɗe rijiya sosai na ɗan gajeren lokaci a auna ƙarfinta, sannan a mayar. Halal ne, da saninsu ake yi. Na shiga wurin Injiniya Dauda na ce, "Yallaɓai, mu gayyaci Baba ranar gwaji."

Ya cire tabarau ya ce, "Madam Rifkatu, in wani abu ya sami tsohon nan fa?"

Na ce, "Wajen shinge za mu zauna, Yallaɓai, a ƙofar gidan Ba Modu. Inda mata da yara suke zaune tun da aka kunna ta."

Ya daɗe yana goge tabarau ɗin, sannan ya ce in je in shirya.

Allah shi ne shaidata, na gaya wa Alhaji gwaji ne kawai kuma ba zai daɗe ba. Amma duk cikin bayanina kalma biyu kunnensa ya ɗauka, za a buɗe. Nan take ya sa aka matsar da tanka ɗaya don motoci su wuce, ya kuma shiga gayyatar mutane.

Ranar gwajin, da hantsi suka iso, mota bayan mota. Alhaji cikin farar shadda da ta sha bugu, da abokansa tsofaffin ma'aikata, da mai ɗaukar bidiyo, da maroƙi riƙe da lasifika. An kafa rumfa an jera kujeru a ƙofar gidan Ba Modu. Matan gidan suna gefe a kan tabarma suna ɓarar gyaɗa, suna kallon baƙin kamar yadda ake kallon wanda ya shiga kasuwa da rigar barci. Maroƙi ya yi ta zuba kirari, Mai Rijiya, mai wutar da ba ta mutuwa. Alhaji ya karɓi lasifika ya fara jawabi kan yadda kakansa ya sari dajin nan da hannunsa. Ya kai daidai inda kakan ya kashe kura, sai na ji muryar Injiniya Dauda a rediyon hannuna yana ba da umarni.

Ƙara ce ta fara isowa. Ku ɗauka jirgin sama ne ya tayar da inji a tsakar gidanku ya fasa tashi. Sai wutar ta miƙe. Sai zafi, irin wanda ke shiga ta fuska ya sauka har cikin takalmi. Iskar damina kuma, kamar an biya ta, ta juyo da hayaƙin kanmu.

Maroƙin ne ya fara gudu, ya shige mota ya ɗaga gilashi. Abokan Alhaji suka riƙa tuna ba su da alwala, ɗaya bayan ɗaya, alhali azahar da sauranta. Mai bidiyo ya ja baya yana ɗauka har ya faɗa kunyar gyaɗa. Matan Ba Modu kuwa ko ɗaga kai ba su yi ba, sai dai wata ta jawo mayafi ta rufe hancin goyonta, ta ci gaba da ɓara.

A ba Alhaji haƙƙinsa, bai gudu ba. Ya ci gaba da jawabi, baki yana motsi ba mai jin komai. Farar shaddar ta fara yin ɗigo-ɗigon baƙi kamar zabuwa. Ya cire hula yana fifita da ita, ido ya yi ja yana zubar da ruwa. Ba Modu ya kawo masa ruwa a kwano, ya shanye bai ko duba kwanon ba. Daga nan ya zauna ya zuba wa wutar ido, ya dubi matan, ya dubi bukkokin, ya sake duban wutar. Sai ya yafito ni. Na sunkuya, ya sa baki a kunnena yana ihu.

"Rifkatu! Wannan abin da ke ci, mene ne?"

"Gas ne, Baba!"

"Irin wanda Hajiya ke aikawa a cika mata a tukunya?"

"Danginsa ne, sai an tace!"

"Wanda kullum ake ƙara wa kuɗi?"

"Shi, Baba!"

Ya sake duban bukkokin. Ni a raina har na fara godiya ga Allah, na ce yau zuciyar tsoho ta karye, ya ga halin da bayin Allah suke ciki. Sai kawai ya zabura ya miƙe, ya ɗaga hannu sama.

"Ku kashe! Ku kashe nan take! Wa ya ba ku izinin ƙona min dukiya?"

Na ce, "Baba, ai kai ka ce..."

"Ni na ce a buɗe mai, ban ce a ƙona gas ba! Barista!"

Barista ya fito daga bayan rumfa da hankici a hanci. Ya daure ya ce, "Baffa, shi ma gas ɗin na gwamnati ne."

"In nata ne me ya sa take ƙonawa? In ba ta so ta sayar min!"

Daidai nan lokacin gwajin ya cika, aka mayar da cok, wutar ta kwanta. Shirun da ya biyo baya har kunne yake ciwo. Alhaji ya waiwaya ya dubi 'yan tsirarun da suka rage, ya gyara rigarsa ya ce, "Kun gani? Magana ɗaya na yi." Har yau a gidansa haka ake ba da labarin, kuma ni ban taɓa gyara musu ba.

Kafin la'asar an janye tankokin duka. Ba don mun shawo kansa ba, abokin gaba ya canza. Daga ranar babu wanda ya tsani wutar nan kamar Alhaji Sambo. In ta ɗan ɗaga kai, kafin hukuma ta ji shi ya ji, wayata ce za ta fara kuka. "Rifkatu, ana ƙona min." Barista kuwa, da aka ba shi aiki na gaske karon farko, sai ga shi ya iya. Ya binciko cewa doka ta yarda mai so ya nemi izinin ɗaukar gas ɗin da za a ƙona ya yi amfani da shi. Suka haɗa kai da wasu masu jari, suka kafa injinan wuta masu aiki da gas, suna sayar wa masu injin casar shinkafa lantarki.

Ba cikin dare ɗaya aka yi ba, an daɗe ana kai da kawo. A tsakanin nan direbobi sun sha wuya, wasu suka koma jigilar siminti, wani ya kama tuƙin Keke mai ƙafa uku, Alhaji da kansa sai da ya sayar da tanka. Amma da gas ya sami inda zai je, aka buɗe wa rijiya wuya, mai ya dawo, motoci suka koma hanya, wuta kuma ba ta tashi ba. Wata ƙungiya ma ta ba Alhaji lambar yabo ta kare muhalli. Aka ce in yi magana a wurin. Na tashi na ce ni shaida ce, da idona na ga Baba yana zubar da hawaye a kan lamarin nan. Aka yi ta tafi.

Sai kuma labari ya iso min cewa ya ƙara wa su Ba Modu haya. Raina ya ɓaci, na same shi a gida na ce, "Baba, mutanen nan sun sha wuya, kai ma ka gani."

Ya ce, "Rifkatu, gonar da na ba su da, mai wuta ce. Wannan marar wuta ce. A wace kasuwa ake sayar da su farashi ɗaya?"

Na fito ina huci, na ɗauki mota har gidan Ba Modu. Na ce masa kada ya biya, zan kai maganar gaba, zan sa kamfani ya sa baki, in ta kama har gaban hakimi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Madam, don Allah kada ki ɓata min ciniki."

Ashe da saƙon ƙarin ya zo, shi da kansa ya wanke ƙafa ya tafi GRA. Ya ce wa Alhaji ya yarda da ƙarin ba ragi, amma da sharaɗi ɗaya: a gaban mai unguwa da liman Alhaji ya faɗa da bakinsa cewa muddin suna biya, ba shi ba 'ya'yansa, ba mai tashinsu daga gonar. Alhaji yana ganin ya ci riba ya amince, aka yi fatiha.

Ba Modu ya ce, "Gona ta gyaru, Madam. Gobe wani mai kuɗi zai gani ya taya. Ni an taɓa tashina da tsakar rana da abin da ke jikina. Ba tsada nake tsoro ba." Ya nuna min bayan bukkarsa, ashe har ya fara buga tubali.

To ku da za ku gaji kujerar nan, ga abin da na ɗauka daga wannan. Kada ku zauna jiran babban mutum ya yi abin kirki don dalilin kirki, za ku yi ritaya kuna jira. In ya yi don aljihunsa, ku karɓa, ku tafa masa, ku tafi gida. Injiniyoyi za su koya muku abin da ke ƙarƙashin ƙasa, lauyoyi su gaya muku na wane ne. Naku aikin shi ne mutanen da ke kwana a samanta. Kuma kafin ku ɗaura ɗamarar yi wa talaka yaƙi, ku sauka daga mota ku tambaye shi me yake so. Ni na tafi ceton Ba Modu da fushina da man motar kamfani, na tarar ya gama ceton kansa yana kwaɓa ƙasar gini.